Dajin da Yaya Audu Ya Zana a Ƙasa

Da kakar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata ranar Laraba, ina tsugune a rumfar gidanmu a Kuyello, ɓawon gyaɗa a hannuna. Yayana Audu ne ya faɗo daga bishiyar ɗorawa ya karye, mai ɗori ya hana shi motsi, shi ne ya ƙirƙiro mana wasa. Yakan zana daji a ƙasa da tsinke, kowa ya ajiye dutsensa a matsayin maharbi, shi kuma ya riƙa faɗin dabbar da muka tarar. Sai ka watsa ɓawo, in ya kwanta rigingine ka yi nasara, in ya kife an cinye ka, a jefa dutsenka a kududdufi. Nawa fari ne sumul, tun damina nake lallaɓa shi.

Abin haushin, duk ƙarfin da ka ƙara, dajin ma sai ya ƙara. Na sami baka, zomo ya zama kura. Na sami laya, kura ta zama damisa. Ran nan kuwa da ɓauna ya haɗa ni, wai sai ɓawon hannuna duk sun kwanta rigingine. Haba! Ni da ba na haɗiye magana, na fashe da kuka, na ce wannan zalunci ne, tunda na fara ban taɓa jin na girma ba.

Kakarmu Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce ita da ta tsufa tana itace a daji, ba ta taɓa ganin zomon da ya yi ƙaho don ya hango mai baka ba. Yaya Audu ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinkensa, sannan ya ce, "Inna, in suka gama dajin, tashi za su yi su bar ni."

Tausayinsa ya kama ni. Inna ta raba gardama: ɓauna ta koma can ƙurmi, mai so ya bi ta, mu kuma kullum in mun gama ɗibar ruwa mu zo wurinsa wasa. Na damƙe dutsena na yi ajiyar zuciya, har da yi wa ɓaunar gwalo.

Yau jikokina ba su san hanyar dajin gaske ba, gona ma sai da addu'a ake zuwa saboda 'yan bindiga. Ya fi ƙarfin manya, balle yara. A dajin Yaya Audu dai, in abu ya yi tsanani, akwai wanda za ka kai wa kuka.