Galan Ɗaya, Mil Talatin

Na'iya mutumin Jabo ne, amma a gidan soja ya koyi tuƙi. An ɗebe su lokacin yaƙin Bama, ya yi shekara uku yana jan manyan motoci cikin taɓo da duwatsu, ya dawo gida da lasin a aljihu da halin rashin son yawan magana. Bayan nan ya daɗe yana jan lori tsakanin Sakkwato da Jega. Abokan sana'arsa sun shaide shi da abu biyu: bai taɓa kifar da mota ba, kuma da kunne kawai yake gane ciwon inji.

Shekara guda bayan samun mulkin kai, Alhaji Ɗanmaliki na Tambuwal ya aika aka kira shi. Alhaji fataucin fata da ƙirgi yake yi. Yana da shago a Kebbe inda yake saye hannun Fulani da mahauta, kuma ɗan ƙanensa Maccido, wanda ya gama makarantar Midil, shi ne akawun shagon. Maccido bai yarda ya zauna Kebbe ba, ya ce ba wurin zaman ɗan boko ba ne. Don haka Alhaji ya je Kaduna ya sayo ƙaramar a-kori-kura mai launin toka, wadda za ta riƙa kai akawu da safe ta dawo da shi da yamma, ta ɗauko fatun da aka saya. Na'iya ya yi murna da aikin, don zai riƙa kwana kusa da matarsa Hadijatu maimakon kwanan tasha.

Tun ranar farko Alhaji ya gaya masa abin da mai sayar da motar ya ce: galan ɗaya na fetur yana kai ta mil talatin. Maccido ya buɗe ɗan littafin da aka haɗo da motar, ya ɗora yatsa a kan lambar. Na'iya bai iya karatun boko ba, sai ya ce to, Allah ya sa, amma mota ba ta san littafi ba, hanya ta sani. Aka yi dariya, aka wuce.

A lokacin babu gidan mai a Tambuwal. Daga Sakkwato ake kawo duro, a ajiye a zauren Alhaji, a riƙa aunawa da garwa mai cin galan huɗu. Tsakanin Tambuwal da Kebbe mil ashirin ne da 'yan kai, saboda haka a lissafin littafi garwa guda ta isa zuwa da dawowa na kwana biyu har da saura. A zahiri kuwa kwana ɗaya take yi, ta ɗan taɓa na biyu.

Na'iya ya san inda fetur ɗin yake tafiya. Rabin hanyar rairayi ne mai zurfi, wanda ba a ratsa shi sai da giya ta ɗaya, inji na kuka kamar za a yanka shi. Da damina fadama ta cika sai a yi zagaye. Ga fatu a baya har sun wuce kan direba, ga dangin Alhaji da ba a iya hana su hawa, kowa da buhunsa na gero. Sannan akwai wani abu da shi da Maccido kaɗai suka sani. Sau biyu a mako akawu yakan sa a ratse zuwa wani ƙauye inda yake neman wata bazawara, mil biyar zuwa, biyar dawowa. Ya roƙi Na'iya da girman Allah kada baffansa ya ji, Na'iya kuwa ya ba shi alkawari.

Da duro na uku ya ƙare kafin lokacinsa, fuskar Alhaji ta fara canzawa. Ya daina amsa gaisuwar Na'iya da sakin fuska. Ya karɓe mabuɗin zaure ya rataya a wuyansa. Na'iya ya yi duk dabarar da ya sani: ya wanke fulogi, ya riƙa duba iskar taya kowace safiya, ya kashe inji a gangare, ya daina dumama motar. Ya samu ragin da bai kai rabin galan ba. Hadijatu ta ce masa ya ajiye aikin tun da mutuncinsa, don ta ji mata a wurin rijiya suna cewa ana sayar da fetur a kwalba a Kebbe, wa ya san daga inda yake fitowa. Ya ce in ya tafi yanzu ai ya amsa laifi ke nan.

Alhaji ya ɗauko wani makanike daga Sakkwato don a gwada. Aka tsiyaye tanki tas, aka zuba galan guda a gaban jama'a. Makanike ya hau shi da Maccido, babu kaya ko ƙulli ɗaya, suka ɗauki babbar hanyar Sakkwato da sanyin safiya, hanyar da ba a daɗe da gyara ta ba, shimfiɗe kamar tabarma. Motar ba ta tsaya ba sai da ta ci mil ashirin da bakwai.

Da suka dawo, ƙofar gidan Alhaji ta cika da mutane. Na'iya ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga ba hanyar Kebbe ta ba. A ɗora mata fatu, a ba wanga malami mabuɗi shi kai ta Kebbe shi dawo. In garwa ta yi mai kwana biyu, a yi min abin da anka ga dama."

Makanike ya ce shi yana da aiki a birni, ba zai kwana ba. Alhaji ya ce an gwada an gani, ba a gwaji biyu. Na'iya ya ɗaga kai ya dubi Maccido, yana jiran ko zai ce wani abu, ko da zancen rairayi ne, tunda kullum tare suke tura motar in ta kafe. Maccido ya sunkuyar da kai yana juya shafin littafi. Maganar ƙauyen nan ta zo wa Na'iya har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Sai ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa.

Alhaji ya girgiza kai. "A'a, Na'iya. Ba ni son in zama sanadin halakarka. Kana da iyali. Aje mabuɗi ka tafi, na yafe."

Wannan yafewar ita ta fi komai ci masa rai. Da an kai shi gaban alƙali, da ya samu bakin magana. Amma an yafe masa satar da bai yi ba, mutane kuma suka watse suna yabon haƙurin Alhaji.

Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa suna Mai-mesa, wai da mesa yake zuƙe tanki. Ya je Jega neman aiki, ya tarar labari ya riga shi. Ya je Sakkwato, wani mai lori da suka yi shekara shida tare ya ba shi goro ya ce sai dai wani jiƙon. Ya dawo Jabo ya karɓi gonar mahaifinsa, ya kama fartanya yana da shekara arba'in da biyar, hannunsa duk ya sale a daminar farko. Hadijatu ta shiga yin ƙuliƙuli. Ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, amma ta daina zuwa biki da suna, don ba ta son kallon da ake yi mata.

Labarin motar yana iso masa ko bai tambaya ba. Direban da ya gaje shi wata huɗu ya yi aka kore shi, shi ma da sunan sata. Na uku ya gudu da kansa. Daga nan Maccido ya koyi tuƙi ya karɓa, garwa guda ta daina kai shi ko da kwana ɗaya.

Bayan shekara huɗu aka yi rasuwa a Jabo, Alhaji ya zo gaisuwa. Da aka shafa fatiha ya jawo Na'iya gefe, bayan wani rumbu inda ba kowa. Ya yi ƙasa da murya ya ce sun gane daga baya, ashe hanyar ce ke shan man, Allah ya sa kaffara ce.

Na'iya ya ce, "Alhaji, a ƙofar gidanka kac ce ni ɓarawo na, gaban mutane. Can nika son ka faɗi wagga."

Alhaji ya gyara rawani. Ya ce shi dai bai taɓa furta kalmar ɓarawo da bakinsa ba, kuma tone-tone ba ya da amfani ga dattawa. Washegari ya aiko da riga sabuwa mai aiki. Hadijatu ta karɓa hannun ɗan aike, ta duba ɗinkin, ta ninke ta mayar masa, ta ce a gaishe da Alhaji, maigidan yana da riga.

Na'iya bai sake riƙe sitiyari ba. Aka raba Jihar Arewa, motoci suka yawaita a hanyar Sakkwato, shi yana gona. Sai dai direbobi ba su manta kunnensa ba. In inji ya gagari kowa, sukan tsaya a bakin hanyar Jabo su aika a kira shi. Ya zo da ƙasar gona a ƙafarsa, ya sa a tayar, ya karkata kai, ya ce ga inda ciwon yake, kuma da wuya ya kuskure.

Wata rana wani direba mai suna Ɗangiwa ya kawo tasa a-kori-kurar. Na'iya na cikin kwance kafireton injin aka kira la'asar. Ɗangiwa ya ce bari ya je ya yi salla, Baba ya ci gaba. Direban ya yi taku uku, sai ya dawo kamar ya manta wani abu, ya zagaya bayan motar, ya zaro ɗan kwaɗo daga aljihu ya datse murfin tanki. Na'iya yana kallonsa ta ƙarƙashin bonet. Ya gama ɗaure abin da ya kwance, ya goge hannu da ƙasa, ya bi bayansa zuwa masallaci.