Gawar da Ta Tashi Ta Sa Hannu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. A cikin littafina na fiƙihu, daidai babin jana'iza, akwai wata guntuwar jarida da tsufa ya mayar ja, da tabon mai a gefenta. Ɗalibaina sun sha ganin ta idan na buɗe littafin, suna kallon juna, amma ladabi ya hana su tambaya. Tun da shekaru sun ja, na ga ya kamata in faɗi asalinta da bakina.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ƙosai take soyawa a bakin layin dogo a nan Agege, kuma da tsofaffin jaridu take naɗe wa masu saye. Wata Bayarabiya maƙwabciyarmu ce ke kawo mata su ɗauri-ɗauri. Kafin ta yaga ko shafi guda sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta ga rubutun Larabci a jikinsa takan ware shi a ƙona, don kada sunan Allah ya ƙare a kwata. Wannan duk mai tsoron Allah yana yi. Abin da Iya kaɗai ke yi shi ne yanke zanen barkwanci, ɗan akwatin nan na kusurwar shafi mai hoto guda da layi guda na Turanci a ƙarƙashinsa. Takan yanke shi da wuƙar albasa, ta adana a tsohon gwangwanin madara.

Iya ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba. Amma idan an idar da Magariba, an sauke mai, garwashi ya rage a murhu, sai ni da ƙanwata Hajara mu matso. Ta zaro takarda ɗaya, ta karkata ta wajen hasken wuta, ta ce, "Ga ta nan a takarda." Mu ce, "Ta fito mu gan ta." Daga hoto guda sai ta warware tatsuniya har a kira Isha'i. Mun ji labarin ƙaton mutumin da ya haɗiye rijiyar gari yana wa jama'a wa'azin haƙuri da ƙishirwa, da na akuyar da aka naɗa mai gadin rumbu.

A shekarar da na sauke Alƙur'ani na fara littattafai, sai ɗan ilimin da na samu ya hau mini kai. Na ji malaminmu ya yi magana a kan hotuna da kuma yawan dariya, ban tsaya na ji ƙarshen bayanin ba, na yanke hukunci ni kaɗai cewa gwangwanin Iya makamashin wuta ne, kuma ceton ta yana hannuna. Wata ranar Laraba, tana salla, na ɗauke shi na ɓoye cikin rigata, da niyyar in juye shi a garwashi a gaban idonta.

Ta dawo ta zauna, ta laluba inda take ajiye shi, ta dube ni, ta dubi tudun da ke cikin rigata.

"Maigida," in ji ta, don haka take tsokanata, "cikin wata nawa ne wannan?"

Hajara ta fashe da dariya. Na fito da gwangwanin, na ce, "Iya, haramun ne. Ƙona shi zan yi."

"To, Malam. Wuta ga ta nan, ba inda za ta. Amma akwai ta yau da ban sa a ciki ba. Ka bari a ji ta, sai ka haɗa duka."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da takardar. Mutum huɗu ne ɗauke da makara a ƙofar maƙabarta. Gabansu wani mai ƙaton tumbi zaune a tebur da hatimi, yana nuna wani wuri a jikin takarda. Gawar kuwa ta tashi zaune cikin likkafani, riƙe da alƙalami.

Iya ta ce a wani gari ne da ba a yin komai sai da takarda. Wani bawan Allah, Tanko, ya rasu da hantsi. Aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi, aka ɗauko. A ƙofar maƙabarta mai hatimi ya tare su. Ta kumbura kumatu ta yi muryarsa: "Mamacin ne zai sa hannu da kansa!" Masu makara suka ce, ranka ya daɗe, ai ya mutu. Ya ce wannan ba matsalar ofis ba ce. Tanko mutum ne mai gudun rigima tun yana raye, sai ya tashi ya karɓi alƙalami. Aka ce ya bi layi. Kafin layi ya iso kansa an tashi daga aiki, aka ce ya dawo gobe. Gobe aka ce hoton da ya kawo bai yi kama da shi ba, ya rame. Masu haƙar kabari suka jira har suka yi furfura. Ana nan, ran nan mai hatimi ya kife matacce a kan teburinsa, ba wanda zai buga masa nasa hatimin. Ya taso cikin likkafani yana ture mutane zai wuce gaba, sai Tanko ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Oga, layi ake bi."

Hajara tana birgima. Ni ma dariyar ta kufce mini, na ji haushin kaina, na daka tsawa: "Iya, da gawa ake wasa?"

Ta tura wani garwashi da tsinke. Sannan ta ce, "Kakanka a jirgin ƙasa ya cika, yana rako shanu daga Arewa. Nan tashar aka sauke shi. Kwana uku yana kwance a wani ɗaki, ina zaune a ƙofa da likkafaninsa a cinyata, ana ce mini wanda zai sa hannu bai zo ba. Mutumin da bai taɓa jinkirta salla ba, shi aka jinkirta wa tasa. Shekara goma sha wani abu ina ɗauke da kwanakin nan uku kamar dutse a ƙirji, ko ubanka ban taɓa yi wa zancen ba. Yau da safe na buɗe jarida na ga wani ya zana su." Ta share ido da gefen mayafi, tana murmushi. "Ba da gawa nake dariya ba, Maigida. Da mai teburin nake. Ƙurunƙus, takarda ta ƙare. Ga wutarka."

Ta miƙo mini. Na daɗe ina kallon garwashin. Aka kira Isha'i, na ajiye gwangwanin a gefen ƙafarta, na tafi masallaci da takardar a aljihuna.

Bayan shekaru masu yawa, jikana da ya yi boko ya gan ta, na ce ya karanta mini layin Turancin. Ya karanta, ya fassara: "Mamacin ne zai sa hannu da kansa." Na sa ya maimaita. Tsarki ya tabbata ga Allah! Tsohuwar da ba ta san harafi ba, da mai zanen da bai san da ita a duniya ba, wanda wataƙila ko addininmu ba ɗaya ba, sun haɗu a kan jimla guda ba ragi ba ƙari. Na karanta abin da malamai suka faɗa a kan hoto, na san saɓaninsu, kuma ba fatawa nake bayarwa a nan ba. Abin da na shaida kawai shi ne, Allah Ya sauke wa wata baiwarsa nauyin shekaru ta hanyar ɗan zanen da aka ƙaddara za a naɗe ƙosai da shi, ni kuma da guntun ilimina na kusa jefa shi a wuta.

Iya ta rasu da hantsi, wata ranar Litinin, ina da iyali a lokacin. A jinyarta ta kama hannuna ta ce, "Maigida, kada ka bar ni a layi." Ni na yi ta zirga-zirgar takardu da ƙafata, ni na ja sallarta. Kafin a kira Azahar mun baro maƙabarta. Allah Ya jiƙan ta, Ya haɗa ta da kakana inda ba a cewa a dawo gobe.