Kaset ɗin Inna a Gareji

Tun bazarar 1976 nake jin haushin kaina, zafin makon nan kuma ya taso min da shi.

Ina ɗalibi a London lokacin, ina zaune a unguwar Thamesmead, kuɗin man fetur na ƙasarmu ya sa muna jin babu kamarmu. Inna ba ta iya rubutu ba, sai ta yi magana a kaset ta aiko min, har kukan awakinmu ina ji. Na ji tsoro kada zafin bene ya lalata kaset-kaset ɗin, na sauke su gareji inda ya fi sanyi.

Maƙwabcina Baba Isiyaka ya tare ni a matakala.

"Ɗana, ka ga mai kwana a hawan ƙasa a unguwar nan? Don ambaliya magina suka ɗaga mu sama."

"Baba, injiniyanci fa nake karantawa. Wata biyu ko ɗigo ba a yi ba."

"To, sannu injiniya."

A Satumba aka ɓarke da ruwa, ya shiga garejin har gwiwa.

Ku da iyayenku ke turo wa saƙon murya, ina kuke adana shi?

Kaset goma sha ɗaya ne, babu wanda ya sake magana. Inna ta rasu kafin in koma gida.