Majigin Inna da Babbar Rigar Yaya

Idon Inna ya fara rauni ne a shekarar da ƙanwata ta haifi 'yarta ta uku. Ƙanwar tawa tana aure a Bukkuyum, mu kuma muna Gummi, kuma hanya ba kamar da ba ce, mutum ba ya ɗaukar tsohuwa ya hau mota don kawai marmarin ganin jika. Sai ƙanwata ta koma turo bidiyon yaran a wayata. Idan na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in biya gidanmu, in zauna kusa da Inna a tabarma in kunna mata.

Takan riƙe wayar da hannu biyu, ta kai ta har bakin hanci, ta janye, ta sake kawowa. Rannan dai ta miƙo mini abata.

"Ke, mi kike son in gani nan? Ina jin muryassu, amma abin da ni ka gani kamar tururuwa ta samu tsaba."

Na gaya wa yayanmu a waya. Shi ne ɗan farin Inna, ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Anka, kuma tun muna yara ba a taɓa kawo maganar da ya ce bai sani ba. Na ce ko mu haɗu mu sayi talabijin babba. Ya ce in bar wannan tunanin, talabijin mai girman da Inna za ta gani da kyau ta fi ƙarfinmu, kuma 'yar solar gidan ba za ta ɗauke ta ba. Abin da ya dace shi ne majigi, irin ƙananan nan na yanzu da ake haɗawa da waya a haska bango. Ya ce in bar masa komai, kwana biyu ya isa.

Wata biyu aka yi. Kullum sai ya kira ni da sabuwar kalma. Yau ya ce abu mafi muhimmanci shi ne lumen, wato ƙarfin hasken. Gobe ya ce ashe masu sayarwa ƙarya suke rubutawa a kwali, lumen ɗin ma iri biyu ne, akwai na gaskiya akwai na talla. Jibi ya ce kada mu yarda da wanda bai kai fo-ke ba. Na tambaye shi mene ne fo-ke, ya ce bayanin yana da tsawo. Matarsa ta gaya mini a asirce cewa ya cika takarda uku da rubutu, har a kan tuwo yana duba waya, kuma majigin da ya cika duk sharuɗɗansa kuɗinsa ya kusa na babur.

Maigidana manomin shinkafa ne, ba mai yawan magana ba. Da na ba shi labari sai ya ce akwai wani mai shagon waya a bakin kasuwa da ke zuwa Sakkwato sarin kaya, a ce ya taho da guda biyu ko uku mu gani da idonmu. Haka aka yi. Yaya ya ji an kusa yanke hukunci ba da shi ba, sai ga shi ya iso Gummi ranar wata Asabar da hantsi, cikin farar babbar riga da ta sha sitaci, takardunsa a aljihu.

Mu uku muka je shagon. Mai shagon ya jera majigi uku a kan tebur. Yaya ya nufi mafi girman kwali, ya karanta abin da ke jiki, ya gyaɗa kai.

"Wannan shi ne. Dubi lambar haskensa."

Aka kunna. Rana tsaka ce, ƙofa a buɗe, ba mu ga komai a bango ba sai wani fari-fari kamar an watsa ruwan koko. Mai shagon ya rufe ƙofa, ya rataya darduma a taga, hoton ya fito amma a koɗe, mutanen ciki kamar sun tashi daga jinya. Yaya ya ce laifin bangon ne.

Na biyun hotonsa ya yi kyau ƙwarai, har ni sai da na ce kai. Sai dai fankar cikinsa tana ƙara kamar injin markaɗe. Na ukun ɗan ƙarami ne, bai wuce girman burodi ba, kwalinsa ba wani alkawari, kuma shi ne mafi araha. Yaya ko kallonsa bai yi ba.

"Wannan ai abin wasan yara ne," ya ce.

Sai maigidana ya tambayi mai shagon, "Wanne cikinsu batirin sola ƙarami ka iya ɗauka?"

"Ƙaramin nan ko da abin cajin waya shina aiki, ranka shi daɗe. Mai ƙarar nan kuwa shina son wuta sosai."

Yaya ya duba takardunsa guda uku, gaba da baya. Babu maganar wuta a ciki ko layi ɗaya. Ya ninke su ya mayar aljihu, ya ce dama yana shirin zuwa kan wannan batun.

Mai shagon ya yarda mu tafi da biyu gida, mai ƙarar da ƙaramin, mu gwada a gaban mai abin, wanda ba a so a mayar masa kafin magariba.

Ɗakin Inna bangonsa kore ne, rabinsa kuma jeren kwanoninta ya cinye. Muka rufe taga da bargo, muka haska, sai ga jikokinta sun fito kore shar. Aka shiga neman farin kyalle. Zannuwan gadon gidan duk masu furanni ne. Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba, kunyar ɗan fari. Sai ta juyo gare ni.

"Ce ma wancan ya tuɓe rigatai. Ba abin da ya kai ta fari gidan ga."

Yaya ya cire babbar rigar, maigidana ya ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, muka baza ta muka kama da abin shanya. Babban ma'aikacin Anka ya tsuguna a 'yar shara yana haɗa wayoyi, gumi na bin wuyansa.

Aka fara da mai ƙarar, don shi Yaya ya koma goyon baya. Hoton ya fito tas, sai dai aikin zaren da ke ƙirjin rigar ya sauka daidai goshin babbar jikar, kamar an yi mata zane. Muka ja rigar gefe. Yaran suna ta magana a bidiyon, bakinsu na motsi, fanka na ruri. Inna ta karkata kunne.

"Da ina ji ban gani, yanzu ina gani ban ji. Ku kashe min injin ga."

Kafin ma a kashe, batirin solar ya yi ƙara ya ɗauke da kansa.

Aka ɗauko ƙaramin. Yaya ya kunna, hoton ya fito dishi-dishi. Ya shiga danne-danne, yana bayanin cewa ga irin abin da yake gudu ke nan da kayan araha. Maigidana ya miƙa hannu ya murɗa wani zobe da ke bakin gilashin, hoton ya daidaita. Bai kai na farkon haske ba, gefensa ma da ɗan duhu, amma ga jaririyar nan a kan tabarma, fuskarta ta kai faɗin faifai, tana dariya, muna jin dariyar.

Inna ta matsa gaba da gwiwa har ta kusa taɓa rigar. Watanni bakwai da haihuwar yarinyar, sai ranar ta ga kamanninta.

"Kunnuwan Malam ne," ta ce a hankali. Mahaifinmu take nufi, Allah ya jiƙansa. "Ku duba, har yadda na hagun ya ɗan tanƙware."

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce a sake maido shi daga farko. Sau huɗu muka kalla. Yaya yana tsugune a baya, na ga shi ma yana ta share fuska, ya ce zafin ɗakin ne.

Ƙaramin muka saya. A hanyar mayar da ɗayan, Yaya ya gaya wa maigidana cewa in aka duba da kyau, duk binciken da ya yi wannan ɗin yake nunawa. Maigidana ya ce, "Awo, haka ne." Rigar kuwa ta koma Anka da tabon tsatsar ƙusa a kafaɗa, matarsa ta kira ni tana tambayar wace irin kasuwa muka kai shi.

Bayan sati maigidana ya kwashe kwanoni biyu daga jeren, da izinin Inna bayan doguwar muhawara, ya shafa farin fenti a wurin. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar ake rufe taga, maƙwabtanta tsofaffi biyu su shigo da goronsu, ni kuma in kunna abin da aka turo.

Wadda abin bai yi wa daɗi ba ita ce ƙanwata. Da, yaran kawai take ɗauka, ba ta damu da abin da ke bayansu ba. Yanzu Inna tana ganin tsakar gidanta gaba ɗaya. Ta ga tukwane ba a wanke ba a gindin rijiya, ta ga kitson babbar yarinyar ya tsufa, ta ga akuya na cin dawa a buhu ba mai korar ta, kuma duk a gaban maƙwabta. Kowane bidiyo sai an kira Bukkuyum an yi faɗa.

Rannan ƙanwar tawa ta kira ni tana haki. Na ce lafiya? Ta ce shara take yi, tun safe take gyaran gida, ta yi wa yara wanka ta canza musu kaya, don kawai ta ɗauki bidiyon minti biyu.

"Don Allah," ta ce, "wa ya kawo shawarar abin nan?"

Na ce ta kira Anka.