Ƙuri'a Biyun Malam Habu

Jiya da la'asar ina wanke ƙafa a bakin kanal ɗin ban-ruwa bayan na taso daga gonar tumatir, sai ga Malam Habu a kan babur ɗinsa.

Tsohon malamin gona ne a nan Bunkure, shi ne ya tsaya takarar majalisar jiha a wata ƙaramar jam'iyya. Wata uku yana bin mu gona-gona yana bayanin gyaran dokar zaɓe, wai a ɗaure mai sayen ƙuri'a, a bar mutum ya tsaya ko ba shi da ubangida. Mun yi masa tafi har hannu ya yi zafi.

A akwatinmu ƙuri'a biyu ya samu.

Ya kashe babur ya ce, "Sani, ɗaya dai tawa ce. Mai ɗayar nake nema in yi masa godiya."

Na ce, "Haba Malam, ai tawa ce."

Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, kai ne na goma sha bakwai. Har maiɗakina ta rantse tata ce, alhali ranar tana Kura wajen suna."

Na rasa inda zan sa idona. Taliyar da na karɓa a layin zaɓe ko kwana uku ba ta yi a gida ba.

Ya ce zai sake tsayawa. Na ce muna bayansa, kamar kullum.

Doka dai a gyara ta, amma mu wa zai gyara mu? Jama'a, mai ƙuri'ar nan ya fito ya bayyana kansa a nan, ni dai na janye.