Abin Gwaji

A shekarar da na fara aiki, takardar tabbatar da kowane ma'aikaci a Birnin Kebbi sai ta je Sakkwato an sa mata hannu. Tawa ba ta tafi ba tukuna. Ban daɗe da gama jami'a ba, an ɗauke ni a ɗakin gwaje-gwajen wata makarantar koyon sana'a, kuma shugaban sashenmu ya ce sai ya ga kamun ludayina kafin ya rubuta cewa a tabbatar da ni.

A kusurwar ɗakin akwai wani akwati mai murfi kamar jinkar ɗaki. Aikinsa shi ne ya fesa ruwan gishiri a kan ƙarfe, fesawa mai laushi kamar raɓa, har ƙarfen ya yi tsatsa, a ga wanne ya fi juriya. An ƙera shi ne don mutanen bakin teku. Yadda aka yi ya iso gare mu ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da za a yi baje kolin kayan gona a Argungu, shugaba ya ce za mu kai shi, don ya fi komai namu kyan gani. Ya ce in sa wa kowane sashe nasa suna da Hausa, in kuma tsaya kusa da shi in yi bayani.

"In babban baƙo daga Sakkwato ya gamsu, ni ma na gamsu," in ji shi.

Wasu sunayen ba su ba ni wahala ba. Inda ruwan ke fita na kira shi bakin feshi. Dogon tulun da iska ke bi ta cikinsa ta jiƙe na kira shi hasumiya, ko da yake na yi ta tsoron kada wani ya ce ina wasa da masallaci. Inda ake rataye kaya ya zama marataya. Matsalar ita ce sunan abin da ake ratayewa ɗin. Da farko na rubuta ƙarfen gwaji. A kan kekena, ina komawa gida Gwadangaji, na tuna cewa wani lokaci fenti ake gwadawa, ko roba mai rufi. Ke nan in na ce ƙarfe na rage gaskiya. Na goge, na rubuta abin gwaji, na ji hankalina ya kwanta.

Sunan injin gaba ɗaya kuwa na rubuta shi haka: akwatin feshin ruwan gishiri domin gwada juriyar wasu abubuwa ga tsatsa, iyakar fahimtarmu. Mai rubuta mana allo ya duba takardar, ya duba ɗan katakon da aka ba shi. Da muka sauke kaya a Argungu na ga abin da ya rubuta: INJIN SA MANDA. Manda ita ce gishiri a bakin mutanenmu. Na so in yi gardama, amma da na sake karantawa sai na kasa gano inda ya yi ƙarya.

An tayar da janareta, raɓar gishiri ta cika akwatin. Shugaba ya tafi tarbar baƙo. Ba a jima ba wata dattijuwa mai sayar da kifi ta tsaya gabana da kwarya a ka. Ta sa wani ya karanta mata allon.

"Ɗana, wanga na injin da ka sa manda?"

"Eh to, Inna, yana sawa. Amma ba irin sawar da kike nufi ba, ina jin."

"Shina sawa ko ba shi sawa?"

"Yana sawa."

Ta sauke kwarya. Ta nuna marataya, ta tambayi abin da aka rubuta a wurin. Na ce abin gwaji.

"To kihi ba abu na ba?"

Na tsaya ina tunani. Na yi karatu mai yawa, amma babu inda aka koya mini cewa kifi ba abu ba ne. Na ce mata abu ne, sai dai masu injin ba lallai ne kifi suke nufi ba.

"Sun gaya maka?"

"Ba su gaya mini ba."

"Ashe kai ma zato kaka yi. Buɗe."

Wani masunci da ke gefe ya ce, "Buɗe mata, malam, in ba haka ba nan za ta kwana. Mijinta ma bai taɓa kayar da ita a gardama ba." Ta ce masa ya rufe baki, shi da ko tarwaɗa bai kama ba bana.

Na kashe injin, na buɗe. Tun da dai za a yi, na ga gara a yi daidai. Na cire ɗaya daga cikin ƙarafan, na jingina wani ƙaramin giwan ruwa daga kwaryarta a marataya, a karkace yadda littafin injin ya ce, kada ya taɓa na kusa da shi, kada kuma ruwan wani ya ɗiga a kansa. Na rufe, na kunna. Ta zauna a kan akwatin kayan aikina tana jira.

Haka baƙon ya same mu, shugaba na biye da shi. Na yi bayanin bakin feshi, na yi na hasumiya. Na so in tsallake marataya. Baƙon ya leƙa ta gilashin murfi, ya daɗe yana kallo. Shugaba ma ya leƙa, sannan ya kalle ni, na ga takardata tana komawa ƙasan tebur.

"Wannan fa?" in ji baƙon.

"Abin gwaji ne, ranka ya daɗe."

"Me gwajin ya nuna?"

Na buɗe, na duba kifin gaba da baya kamar yadda ake duba ƙarfe, har ƙarƙashin ƙayarsa.

"Zuwa yanzu bai yi tsatsa ba, ranka ya daɗe. Sai dai lokacin ya yi kaɗan, ko ƙarfen ma..."

Bai jira ƙarshen maganar ba. Ya juya ga jama'a ya ce su ji da kunnensu, ilimin zamani ya tabbatar kifin Argungu ba ya tsatsa. Aka yi tafi. Masuncin nan ya ce shi ya daɗe da sani. Baƙon ya ce wannan shi ne irin binciken da ake so, wanda ya shafi talaka, ya tambayi shugaba ko tunaninsa ne. Shugaba ya ce tare muka yi.

Takardata ta tafi Sakkwato a makon. Na roƙi shugaba ya ƙara a ciki cewa sakamakon na wucin gadi ne, ya ce in fita masa daga ofis.

Dattijuwar dai ta karɓi kifinta, ta shafa yatsa a jikinsa ta ɗanɗana, ta ce manda ba ta ji ba, in gaya wa gwamnati ta ƙara.