Ranar da shanu sunka tsere ma jar motata

Jama'a, yau shanu sun tsere ma motata, kuma a gaban mai inshora!

Kun san na sai da tsohuwar akwalata na sayo wata ja 'yar Beljiyam, ƙarama mai ƙofa ta baya, injinta sai gurnani. Da hantsi na kai ta wurin Malam Sani, wakilin kamfanin inshora da ke zuwa Gummi. Cikakkiyar inshora nike so, irin ta da. Ya latsa na'urarsa, wai kuɗin sun ninka!

Na ce, "Malam Sani, don me?"

Ya ce, "Alhaji, wagga motar gudu ce. Masu irinta sun fi yin haɗari."

Na ce, "Gudu? A wace hanya? Shigo!"

Wallahi ya shiga. Ga buhun shinkafar Inna biyu a baya. Munka kama hanyar Bukkuyum. Rami bayan rami! Ban wuce giya ta biyu ba. Sau biyu kansa na bugun rufi. Can sai ga Ardo da garkensa ta gefen hanya, suna tafiya a tsanake, sunka wuce mu! Har ya ɗaga mani sanda: "Sannu da haƙuri, Alhaji!"

Malam Sani na dafe da hula ya ce, "Na gani, Alhaji, amma na'ura ba ta san rami ba."

Na taka birki na buɗe mashi ƙofa. Na ce, "To ni ba ni biya. Bi Ardo ka yankar ma shanunsa inshora, su ne masu gudun!"